Damben Tokiyo da bakin tsohon mahauci

A babbar kasuwar Maraɗi, wajen rumfunan ƴan nama, an yi wani tsohon mahauci wanda mutane suka ɗauki bakinsa tamkar hatimi in dai maganar dambe ake yi. Ya rasu yau shekaru da dama, Allah ya jiƙansa, amma waɗanda suka yi zamani da shi har yanzu suna ba da labarinsa, kuma faɗar da suka fi tunawa ita ce wadda ya kuskure.

Dambe gadonsa ne. Kamar yadda kowa ya sani, a ƙasar Hausa dambe wasan mahauta ne tun kaka da kakanni. In an gama aikin gona, an kai hatsi rumbu, sai samarinsu su naɗe hannu da kara su bi garuruwa, makaɗa na biye da su. Shi ma ya yi wannan yawo a ƙuruciyarsa, daga ƙauyukan Maraɗi har Gobir da Zamfara. Ya kashe, an kashe shi, ya bar fage da karyayyen hanci da ɗan yatsa guda wanda bai ƙara miƙewa ba. Bai yi lakkwal ba, ko sunansa bai iya rubutawa da boko. Damben Turawa kuwa, wanda ake yi da safar hannu cikin igiyoyi, bai fara kula da shi ba sai a 1972, lokacin da Isaka Dabore ya kawo wa Nijar lambar tagulla daga wasannin Olimpik na birnin Munik. Daga ranar ya riƙa tambayar yadda ake wannan dambe, kuma wanda yake tambaya shi ne wani mushe da ke sayen nama gare shi, mai karanta jaridun Faransanci, mai kwana da rediyo kusa da kunne.

Sunansa ya fito ne a 1974, shekarar fari da juyin mulki. A ƙarshen watan Oktoba aka shirya karawa a Kinshasa, ƙasar Zayar ta Mobutu, tsakanin George Foreman mai riƙe da kambin duniya na ajin masu nauyi, da Muhammadu Ali wanda ke neman ya karɓo abin da aka ƙwace masa. Zuciyar mutanen gari tana ga Ali, domin Musulmi ne kuma baƙar fata mai faɗar gaskiyarsa gaban Turawa, amma hankalinsu yana ga Foreman. Shekarun Foreman 25, na Ali 32. Foreman ya yi dambe 40 ba a taɓa cin sa ba, 37 daga ciki abokin karawar bai kai ƙarshe ba. Mutum biyun da suka taɓa cin Ali, wato Frazier da Norton, Foreman ya gama da kowanensu cikin turmi biyu. Har akwai masu cewa addu'ar da ta kamata ita ce Ali ya fito da ransa.

Mahaucin bai taɓa ganin ko ɗayansu ba sai a hoto. Saboda haka ya tsare mushe kwana uku da tambaya. Turmi nawa ake yi? Aka ce masa 15. Kowane turmi tsawon me? Minti uku, da hutun minti ɗaya. To, tun da Foreman ya ɗauki kambi, turmi nawa ya yi gaba ɗaya? Mushe ya duba takardunsa: biyu da Frazier, ɗaya da Roman, biyu da Norton. Mahaucin ya lissafa da yatsunsa, ya ga biyar ne, kuma ba dukansu suka cika ba. Wato cikin kusan shekara biyu, aikin da mutumin ya yi a fage bai kai kwata na awa ba. Sannan ya koma kan Ali: an taɓa kwantar da shi ya kasa tashi? Aka ce a'a. Frazier ya kai shi ƙasa a turmi na 15 ya miƙe, Norton ya karya masa muƙamuƙi ya daure har aka gama turmi 12.

Ya yi shiru yana wasa wuƙa. Can ya ce, “Mushe, mai kisa da wuri bai san iyakar numfashinsa ba, domin ba a taɓa kai shi can ba. In Ali ya ga turmi na shida a tsaye, ku sayi goro.” Mutane suka ce son Musulunci ne ya rufe masa ido.

Ranar 30 ga Oktoba, da ƙarfe huɗu na asuba, aka kara. Ali ya jingina da igiyoyi, ya rufe fuska da hannuwa, ya bar Foreman yana jibgar sa har ƙarfin ya ƙare, sannan a turmi na takwas ya fito ya kwantar da shi. Ko da labari ya iso Maraɗi da safe, sai ga mutane a rumfar mahaucin, wasu ma ba nama suka zo saye ba.

Daga nan bakinsa ya zama hatimi. In za a yi dambe a ƙauye, shi ake tambaya. Da aka fara kokowar takobi a Tawa a 1975, kowace shekara sai an zo an ji ta bakinsa kafin a tafi. Ba kullum yake dacewa ba, amma haka sunan mai faɗar gobe yake ginuwa a kowane gari: in ya dace a yi ta yayatawa, in ya kuskure a ce wasa ne ya zo da haka. Abin da ba wanda ya lura da shi, har shi kansa, shi ne tambayoyinsa sun riƙa raguwa. Mutumin da ya taɓa tsare mushe kwana uku, sai ya zama ana ambaton sunaye biyu zai zaɓi ɗaya, hannunsa na kan sikeli.

A ƙarshen shekarun 1980 gidajen bidiyo suka cika unguwanni. Kasat na shigowa daga Kano ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, yaro ya biya dala biyar ko goma ya zauna bisa benci ya ga duniya. Cikin kasat ɗin da suka fi farin jini akwai na wani saurayi gajere, mai kaurin wuya, mai shiga fage da baƙin wando ba riga ba safa, wato Mike Tyson. A watan Nuwamba na 1986 ya ɗauki kambi yana da shekara 20, ba a taɓa yin mai ƙarancin shekaru kamarsa ba a wannan aji. A 1988 ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91. Dambensa ya yi gajarta har mai gidan bidiyo kan haɗa uku ko huɗu kafin a ce kuɗin ƴan kallo ya halatta. Tsohon, wanda a lokacin ya kai shekara 60, yakan je bayan isha'i a ba shi kujera gaba. Abin da ya burge shi ba ƙarfin ba ne kaɗai. Yaron yana kaɗa kai dama da hagu yana matsowa, naushi na wuce shi ta sama, sai ya shiga ƙarƙashin dogon mutum ya tashe shi daga haɓa. Tsohon ya ce tun da yake bai ga mai garkuwa da kansa kamar wannan ba.

Ranar Alhamis 8 ga Fabrairu 1990, da dare, majalisa ta cika a teburin mai shayi. Saura kwana uku Tyson ya kara da wani James Douglas, da ake kira Buster, a Tokiyo ta ƙasar Japan. Ba wanda ya tambayi wa zai ci, domin wannan ba tambaya ba ce. Tyson ya yi dambe 37 bai faɗi ba. Douglas an ci shi sau huɗu, kuma a 1987, da ya samu damar neman kambi gaban Tony Tucker, an tsayar da wasan a turmi na goma, mutane suka ce zuciyarsa ce ta mutu. A Las Begas, garin caca na Amurka, gidan da ya yarda ya karɓi kuɗi a kan wasan ya sa 42 bisa 1. Abin da ake gardama a kai a Maraɗi shi ne turmi nawa Douglas zai kai.

Mushe, wanda a lokacin ya aje aiki, yana wurin. Ya ce, “Malam, kafin ka yi magana, akwai abu biyu da na ji. Na farko, a wajen horo can Tokiyo wani Greg Page ya kai Tyson ƙasa.”

Tsohon ya ce, “Santsi ne, ko kuwa dabarar masu sayar da tikiti.”

“Na biyu, uwar Douglas ta rasu, yau sati uku.”

“Allah ya jiƙan Musulmi. To ai magana ta ƙare, Mushe. Mai makoki ba ya dambe. Ba zai ga turmi na uku ba.”

Bai ƙara ko tambaya ɗaya ba. Da ya tambaya, mushe na da amsa. Tsohon da ya ɗauko Tyson tun yana yaro ya koya masa wannan kaɗa kai, Cus D'Amato, ya rasu tun 1985. Wanda ya gaje shi wajen horon, Kevin Rooney, an kore shi a 1988. Auren Tyson ya mutu bayan tonon silili a gaban duniya. Douglas kuwa ɗan gado ne, ubansa ɗan dambe ne, ya ɗara Tyson tsawo nesa, kuma in sun buɗe hannuwa nasa ya fi da kimanin santimita 30. Tyson ɗin da tsohon ya sani na cikin kasat ne, kasat kuwa ba ta tsufa, ba ta yin saki, ba a yi mata rasuwa. A 1974 bai ga kome ba, sai ya tambaya. A 1990 ya gani da idonsa, ganin ya ishe shi.

A bakin benci akwai wani yaro mai koyon tela, maraya, wanda ya shekara biyu yana tara kuɗin keken ɗinki. Wani direban kamiyo mai son gardama ya ce shi ya tsaya Douglas zai wuce turmi uku, wa ke ja? Bayan tsohon ya tashi, yaron ya je ya kwance jika 15, duk abin da ya mallaka, ya aje hannun mai shayi. Tsohon bai sani ba. Shi bai taɓa caca ba, yana ƙyamarta, yana ganin tun da bai sa ko dala ba hannunsa wankakke ne.

Washegari Juma'a, 9 ga wata, dambe ya fita ran kowa. A Yamai ɗalibai suka taso daga jami'a, can Harobanda, za su ƙetare gadar Kennedy su shiga gari domin nuna ƙin matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi karatunsu. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasu, wasu da dama suka ji rauni. Autan tsohon yana wannan jami'a. A hutun Disamba sun yi sa-in-sa, yaron na cewa mulkin jam'iyya ɗaya ya kusa ƙarewa, uban na cewa, “Ɗana, ba a ja da mai bindiga. Ka yi karatunka ka samu albashi.” Tsakanin Maraɗi da Yamai sama da kilomita 600, gidansu ba tarho, kuma jita-jita ta riga gaskiya isowa, kowane mai shigowa tasha da nasa adadin matattu. Tsohon bai fita kasuwa ba ran Asabar. Ya zauna a zaure da rediyo, yana juya ta daga Muryar Sahel zuwa tashoshin waje, yana jiran a karanta sunaye.

Yana cikin wannan jira, safiyar Lahadi, ya ji an ce cikin dare a Tokiyo Douglas ya kwantar da Tyson a turmi na goma. Waɗanda ke zaune tare da shi sun ce ko kai bai ɗaga ba. Da yamma kuma aka ce an saki Nelson Mandela bayan shekara 27 a kurkuku. Sai ran Litinin wani direba ya kawo saƙo cewa yaron yana nan da ransa, an gan shi, ya ce a gaida Baba da Inna. Ba daidai ba ne a aza jinin ɗalibai da wasan dambe bisa sikeli guda, kuma tsohon bai taɓa yin haka ba. Amma mushe ya ce ya taɓa jin sa, shekara guda da rabi bayan haka, lokacin da aka buɗe babban taron ƙasa a ƙarshen Yulin 1991, yana faɗa wa kansa cewa a wata ɗaya ya auna mai ƙarfi sau biyu, duka biyun da tsohon awo.

Kasat ɗin damben ta iso bayan ƴan makonni. Daren da aka fara nuna ta, gidan bidiyo ya cika har waje, aka aje wa tsohon kujerarsa kamar kullum, wasu don girmamawa, wasu don su ga fuskarsa. Ya zo, ya zauna, ya aje sandarsa tsakanin ƙafafu.

Ba a gama turmi na farko ba ya ce a hankali, “Kansa ya tsaya.” Na kusa da shi ya tambaye shi me ya ce. Ya ce, “Yaron ba ya kaɗa kai. Tafe yake a miƙe kamar mai zuwa karɓar bashi.” Haka kuwa abin yake. Tyson na matsowa yana neman naushi guda wanda zai gama zance, Douglas na tsaye nesa yana zungurar sa da hagu, zungura biyu, uku, sannan dama ta biyo. In Tyson ya samu ya shigo kusa, sai dogon ya rungume shi har alƙali ya raba. Kuma abin da ya fi ɗaukar hankalin tsohon shi ne idon Douglas. Ya ga ƴan dambe da yawa a kasat ɗin baya waɗanda tun kafin ƙararrawa sun riga sun faɗi, idanunsu na neman wurin kwanciya. Wannan yana kallon Tyson kamar yadda mahauci ke kallon sa mai faɗa, yana auna inda zai kama.

Turmi na uku ya wuce. Ba wanda ya juya ya dubi tsohon, kuma wannan rashin juyawa ya fi juyawar nauyi.

Wajen turmi na biyar idon Tyson na hagu ya fara kumbura. Da aka koma kusurwa, sai aka ga mutanensa ba su zo da ɗan ƙarfen nan mai sanyi da ake danne kumburi da shi ba, suka cika safar roba da ruwan ƙanƙara suna manna masa. Nan tsohon ya yi tsaki mai ƙarfi. Ya ce ko a ƙauye, in za ka raka ɗan dambenka, kana tafe da ruwa da tsumma da magani, ko da kana da yaƙinin zai yi kisa a bugun farko. Waɗannan sun zo Tokiyo ba su yi shirin turmi na biyar ba. Ya yi ɗan shiru, sannan ya ƙara da cewa, “Irin lissafina suka yi.”

A ƙarshen turmi na takwas, saura ƴan daƙiƙoƙi, Tyson ya samu abin da yake nema. Dama ta taso daga ƙasa ta sami haɓar Douglas, dogon ya zube. Ɗakin ya kaure da ihu kamar ba a san ƙarshen labarin ba. Douglas ya bugi dandamali da hannu don haushin kansa, yana kallon yatsun alƙali, ya miƙe ana tara, ƙararrawa ta kaɗa. Wani tsohon abokinsa, shi ma mahauci, ya ce a tsayar da kasat. Ya ce, “Jama'a, ku shaida. A dambenmu, in gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, ba ƙirga ba jira. Tyson ya yi kisa. Maganar Malam ba ta faɗi ba.” Wani saurayi ya ƙara da cewa ai ko a dokar Turawan, alƙalin ɗan Meksiko ya fara ƙirga a makare, bai bi ƙidayar mai agogo ba, kuma Don King, mai shirya wasan, ya kai ƙara a kan haka, har biyu daga cikin hukumomin dambe uku suka yi ƴan kwanaki ba su amince da sabon zakara ba.

Ƙofa ce aka buɗe masa, mai faɗi, kuma mutane da yawa da sun bi ta. Tsohon ya ce, “Na gode, amma ku bar shi. Ni turmi na uku na ce, wannan na takwas ne. Kuma wanda ke ƙasa yatsun alƙali yake bi, ba agogon da bai gani ba. Da an yi sauri, da ya tashi da sauri. Ku dubi idonsa, ba ya cikin maye. Sa mana kasat, yaro.”

A turmi na tara Douglas ya dawo kamar ba shi ya faɗi ba, ya kai Tyson jikin igiya. A na goma ya tashe shi da dama daga ƙasa, ya bi shi da huɗu a jere. Tyson ya faɗi, karo na farko tun da ya fara damben kuɗi. Aka gan shi yana rarrafe, yana lalube da safar hannu yana neman robar bakinsa, ya same ta ya cusa a karkace, ya miƙe bayan an gama ƙirga. A wannan karo ɗakin bai yi ihu ba. Sannan aka nuno Douglas ana tambayar sa, ya fara magana, kuka ya ci ƙarfinsa. Mushe ya fassara: yana cewa saboda uwarsa ne. Kwana 23 tsakanin rasuwarta da damben.

A hanyar gida tsohon ya ce wa mushe abin da ya fi damun sa ba rashin sanin labarin Tyson ba ne. Rasuwar uwar an gaya masa ita, ta shiga kunnensa, ya karanta ta a juye. Kuma ya fi kowa sanin bai kamata ba, domin shi kansa, shekarar da ubansa ya rasu, ya yi damben da bai taɓa yin irinsa ba. Tsoron bugu yana ga wanda ke da abin da yake tattali. Shi a wannan kaka bai damu da fuskarsa ba, bai damu da gobe ba, sai manyan da suka saba kashe shi suka riƙa ja da baya. Ya san wannan a jikinsa shekara 40, amma a teburin mai shayi, da ido ashirin na kallon sa ana jiran hatimi, bai tsaya ya tuna ba.

Labarin jika 15 bai kai gare shi ba sai bayan sati guda, daga bakin mai shayi. Ya aika aka kira yaron. Yaron ya zo ya durƙusa, ya ce, “Baba, ba laifinka ba ne, ni na sa kaina.” Tsohon ya ce, “Ka yi wauta, kuma ka yi haram. Amma da bakina ka yi su.” Daga ranar, kowace Juma'a bayan an tashi kasuwa, yakan ba mai shayi dala ɗari ya aje wa yaron. Matarsa ta yi faɗa, ƴan'uwansa mahauta suka ce yana koya wa yara su yi caca su zo a biya su. Sati 30 ya ɗauka. Ya kuma kafa sharaɗi a majalisa: duk wanda zai sa kuɗi, to kada ya tambaye shi, in kuwa ya ji an sa bisa maganarsa, ya bar magana har abada.

Kafin ya gama biyan, aka shirya Douglas da Evander Holyfield, ranar 25 ga Oktoba 1990. Wannan karo ya koma ɗabi'arsa ta da, ya dami mushe da tambaya har mushe ya gaji. Da aka ce masa a Tokiyo Douglas ya hau sikeli da kilo 105, yanzu kuwa ya haura 111, sai ya ce wannan fanninsa ne. Dabbar da ta ƙara kilo shida cikin wata takwas tana kwance, kitse ta aza, ba tsoka ba. Makokin ya wuce, kuɗi sun shigo. Holyfield ya gama da shi a turmi na uku, turmin nan dai da tsohon ya yanka masa wata takwas kafin lokacinsa.

Faɗarsa ta ƙarshe da ake tunawa ita ce ta Nuwamba 1994. Foreman, wanda Ali ya kwantar a Kinshasa, ya bar dambe shekara goma yana wa'azi a coci, ya dawo da tumbi da sanƙo, yana da shekara 45 yana neman kambi hannun Michael Moorer, bahago ɗan shekara 26 wanda ba a taɓa ci ba. Ba a ma tambayi tsohon ba, shi ya ɗaga kai daga kan nama ya ce Foreman. Mushe ya jera masa dalilai: an ci Foreman da maki a 1991, an sake cin sa a 1993, ƙafafunsa sun yi nauyi. Ya ce ya ji, Foreman dai.

Ranar 5 ga wata, a Las Begas, Moorer ya yi turmi tara yana bugun tsoho, alƙalan maki uku duka suna ba shi gaba. A na goma wata gajeruwar dama ta same shi a haɓa, ya kwanta bai tashi ba. Foreman, sanye da jan wandon da ya sa a Kinshasa shekara 20 baya, ya juya kusurwa ya durƙusa yana addu'a.

Rumfar ta sake cika kamar 1974. Ana ta kirari, ana cewa hatimi ya dawo. Tsohon ya bari sai da jama'a ta ragu, ya ce wa mushe ƙasa-ƙasa, “Kada ka rubuta wannan cikin nawa. Lissafinka ne daidai. Ni furfura na gani, na bi ta.”

Suna cikin haka sai ga telan, wanda a lokacin yana da shagonsa da kekuna biyu, ya gaisa ya ce, “Baba, ka hana ni arziki. Da ka bar ni na sa jika 15 ɗin nan bisa bakinka jiya, da yau na sayi babur.” Tsohon ya dube shi, ya yanko rabin kilo, ya aza bisa sikeli, ya cire ɗan guntun da ya haura, ya ƙunshe a takarda, ya miƙa hannu a biya shi.